Ɗorin da Na Koya ta Bayan Zana

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Surukina, mahaifin maigidana, maɗorin garinmu Jibiya, ya rasu a tsakiyar bazarar nan, ana shirin sallar la'asar. Ba zan kama sunansa ba. Ban taɓa kamawa ba yana raye, ba kuwa yanzu da ƙasa ta rufe masa ido zan fara ba. Baba muke ce masa, mu da duk garin.

Ban taɓa ganin zaman makoki irin nasa ba. A ko'ina aka yi rasuwa, mai ta'aziyya zama yake yi, ya yi addu'a, ya ce yaya haƙuri, ya tashi. A namu kuwa, da an shafa fatiha sai ka ga mutum yana naɗe hannun riga ko ƙafar wando. Maigidana ya ce wani dattijo daga Farfaru miƙe ƙafarsa ya yi a tsakiyar tabarmar zaure, ya ce kowa ya taɓa, nan wani sa ya taka shi, yau ga shi da ita ya tako. Masu jakuna sun zo, 'yan dakon gyaɗa da suka taɓa faɗowa daga saman mota sun zo, Fulanin wajen Riko sun zo da sandunansu. Mutanen ƙasar Faransa ma, wato ƙetaren iyaka ta wajen Maraɗi, sun yi ta ƙetarowa, har ma'aikatan duwan, wato kwastan ɗin can, suka gaji da tambaya. Da sun ga jerin mutane babu kaya a ka, sun san gidanmu suka nufa.

A cikin gida, wajen mata, wata tsohuwa daga Magama ta kamo hannuna ta danna yatsana a ƙashin wuyanta.

Ta ce, "Ke kinka ɗora wanga, amma shi ni ka yi ma kuka." Ta share ido da bakin zane, sannan ta dubi surukata, Inna. "To yanzu wa za shi riƙe aikin gidanga?"

Kowa ya san amsar tana zaure, wurin Baffa, ƙanen Baba, wanda gida ya koma hannunsa. Shi ma maɗori ne, amma tsufa ya sa hannunsa rawa. A cikin 'ya'yan gidan babu wanda ya ɗauki sana'ar. Ni kaɗai Baba ya koya wa har ƙarshe, ni kuwa Baffa ya daɗe da cewa matar da aka auro ba ta da rabo a gadon kakanninsu. In ya ce in ajiye, dole in ajiye, ɗori ya ƙare a gidan nan. Da wannan nauyin na zauna makoki, kuma shi ya sa nake so in faɗi wane ne Baba tun abin yana sabo a raina, kada a wayi gari ba a tuna komai nasa sai cewa ya iya ɗori.

Ya iya, ba shakka. Amma abin da ya bambanta shi da sauran maɗora shi ne bakinsa. Baba ba ya iya aiki bakinsa a rufe. Baffa in zai yi ɗori sai ya kori mutane, ya saki asabarin ƙofa, ya yi tofinsa can ƙasa-ƙasa yadda ko majinyacin ba zai ji ba. Baba kuwa a buɗaɗɗen zaure yake yi, duk wanda ya tsaya kallo ya shiga uku.

"Kai mai jaki, matso. Kawo hannunka. Ka ji inda yat tsaya? Wanga shi na bakin ƙashi. In ɗan'uwanka ya hwaɗi a daji, kada ka ɗaga shi sai ka sa kara ka ɗaure nan da nan. Ka ji ko?"

Mutum ya zo rakiya ne kawai, sai ya koma gida da ilimin da bai roƙa ba. Ya koya wa makiyaya ɗaure ƙafar maraƙi. Ya koya wa direbobin da ke tsayawa a bakin iyaka yadda ake kwantar da wanda ya faɗo. Bai kuma ɓoye iyakar saninsa ba. In ƙashi ya huda fata har wurin ya fara wari, ba ya taɓawa, sai ya ce a nemi mota a yi asibitin Katsina, ya bi masu majinyacin da faɗa har bakin hanya don sun ajiye shi a ɗaki suna shafa masa man shanu. In ya ga mai ɗingishi a kasuwa, ya bar cefanen da ya je yi ke nan, ya bi shi a baya yana kallon tafiyarsa. In ka ba shi hannu kuka gaisa, ba ya saki da wuri, sai ya gama lalube yatsunka ɗaya bayan ɗaya yana tambayar iyali.

Duk wannan labari nake ji, ko in hango ta kafar zana, domin ni da Baba akwai kunya mai kauri a tsakaninmu. Maigidana ɗan fari ne, Baba ko sunansa ba ya faɗa, "wancan" yake ce masa. To ina ga matar wancan? Daga wani ƙauye na wajen Maraɗi aka auro ni, inda ba mu san mu 'yan wata ƙasa ne ba sai ranar da muka ɗauko kaya za mu ƙetare iyaka. Tun da na tare, in na ji gyaran muryarsa a bakin zaure sai in shige ɗaki. In muka yi kiciɓis, in durƙusa in juya fuska ga bango har ya wuce. Na fi sanin ƙafafunsa da fuskarsa. Shi kuma in magana ta kama dole a kaina, sai ya ce "ta ɗakin yamma".

Ya so ƙwarai ɗansa ya gaje shi. Maigidana mutumin kirki ne, yana iya kwana a daji da jakuna tsakanin nan da Maraɗi ko gezau, amma ranar da aka ce ya riƙe ƙafar wani ya ji ƙashi ya yi ƙara a tafinsa, shi aka fara yayyafa wa ruwa kafin majinyacin. Daga ranar Baba ya sallame shi ya koma fataucinsa.

Abin da ya juya komai wata mata ce a Riko. Ta faɗi a bakin rijiya ta karye a cinya, mijinta ya ce namiji ba zai taɓa cinyar matarsa ba, ko da tsoho ne. Baba ya hau jaki ya je, ya zauna a ƙofar gidan tun hantsi har rana ta yi sanyi yana roƙo, yana jin nishinta daga ciki. Ba a bar shi ya shiga ba. Bayan ɗan lokaci aka ce ta rasu. Ranar da labarin ya zo, Inna ta fito da akushinsa yadda ta kai shi.

Ba a daɗe ba, ina zaune ina ɗinke wata ƙwaryar Inna da ta fashe, aikin da na koya wurin kakata. Na gama na kife ta a rana. Ashe da Baba zai wuce ya ɗauka, ya bi ɗinkin da babban yatsa ciki da waje, ya tambayi Inna aikin wa. Washegari da safe na tarar da wata jakar fatar akuya a rataye a dirkar zanar da ta raba sashensa da namu. Cike take da dussa, an ɗaure bakinta tam. Sai na ji muryarsa daga wancan gefen, da ƙarfi, yadda ko maƙwabta za su ji.

"Ki ce ma ta ɗakin yamma, akwai ƙashin rago karyayye ciki. Ta lalubo shi ta waje, ta haɗa bakin, ta sa kara ta ɗaure. Kada ta kwance jikka."

Inna tana zaune a bakin zanar tana tsince wake. Ta juyo ta dube ni ta ce, "Kin ji." A haka muka yi karatunmu shekara da shekaru. Shi yana can, ni ina nan, Inna a tsakiya tana isar da saƙon da duk mun riga mun ji. In na gama ɗauri in mayar da jakar kan dirka, ya ɗauka ya kwance ya duba. Mahautan kasuwa har sun saba, suna ware masa ƙasusuwan ƙafa. Yau ya karya a gicciye, gobe a karkace, jibi ya farfasa, wata rana kuma ya sa lafiyayyen ƙashi don ya ga ko zan ɗaure abin da bai karye ba. Na ɗaure kuwa, har da jin daɗin na iya.

Inna ba ta isar da saƙo yadda aka ba ta. Baba zai ce, "Ki ce mata hannunta na gaggawa." Sai Inna ta ce, "Ya ce garaje gare ki kamar uwarki." Ni kuwa Allah ya yi ni da zuciya a kusa. Wata rana ya dawo mini da jaka ɗaya har na rasa ƙirga, hannuna ya yi tsami, ga tuwo bai sauka ba. Na ɗauke ta na wurga ta saman zana. Na ji ta sami butarsa. Inna ta dafe baki. Can sai ya yi gyaran murya.

"Ki ce mata ta iya jihwa. Saura ɗori."

Bai taɓa cewa na yi kyau ba. Iyakar yabonsa, "Ki ce mata ba laihi." Na sha kuka a kan wannan, ba zan ɓoye ba. Amma ranar da aka kawo wata yarinya da ta faɗo daga kan bishiyar ɗorawa, bai fito ba sam, cewa ya yi a shigar da ita ɗakin yamma. Daga nan mata suka san hanya. Waɗanda a da ake ɓoye su a ɗaki har ƙashi ya kama a karkace, sai ga su ana kawowa a kan jaki, wasu kuma a aiko in je in same su.

A nan Baffa ya tashi. Ba mugun mutum ba ne, ina so a san wannan. Mahaifinsu yana kan gargara ya sa su biyun suka rantse cewa ɗori ba zai fita daga jinin gidan ba, Baffa kuma ya riƙe rantsuwar da gaske. Koyar da masu jakuna ɗaure kara ya haƙura da shi, ya ce wannan ɓawon abin ne. Nawa ne ya kasa haɗiyewa. Na ji rigimar da kunnena, ina bayan zana ina tankaɗe.

"Yaya, ka tuna abin da munka ɗaukar ma tsoho. Mace baƙuwa ta. Gobe su yi saɓani da yaron nan, ta kwashe kayanta ta ƙetare iyaka, ta tahi da gadon kakanninmu ƙasar Hwaransa."

Baba ya ce, "In ta tahi da shi, can ma ana karyewa."

"Rantsuwar hwa?"

"Na karya ta, na sani. Na yi azumin kahwara tun ran da na rataye jikkar hwarko. Matar Riko hwa, wa za shi yi azumin tata?"

Baffa ya ce dai muddin yana numfashi ba zai kira ni maɗoriyar gidan ba, ya ja takalmansa ya fita. Sai a ranar na san Baba ya yi azumi saboda ni. Na tuna kwanakin, na tuna na ɗauka nafila yake yi, har ina ƙorafi a raina cewa ya sa mu dama fura ba lokacinta ba. Na ajiye rariya na shiga ɗaki na yi kuka mai isata.

Da kakar bara, bayan an gama shigar da gero, Baba ya hau tsani zai duba jinkar rumbu. An hana shi, bai ji ba, dama ba ya ji. Tsanin ya zame, ya dafa ƙasa da hannun dama, ya karye a saman wuyan hannu. Maigidana yana kan hanyar Maraɗi. Aka kira Baffa, ya zo da sauri da kayansa, ya durƙusa, ya miƙa hannu. Ina leƙe ta kafar zana, na ga yatsunsa suna karkarwa a kan hannun yayansa, ya kasa tsayar da su. Baba ma ya gani.

Ya ce a hankali, "Ƙanena, zamna ka huta."

Sannan ya ɗaga murya. Na ga Inna ta gyara zama za ta karɓi saƙo, amma ba da ita yake ba.

"Ɗiyata, taho."

Ban san yadda ƙafafuna suka kai ni ba. Ranar na fara ganin fuskarsa sosai. Ashe ƙaramin mutum ne, girarsa duk ta yi fari, akwai tabo a haɓarsa da ban taɓa sani ba. Na durƙusa na ɗauki hannun, na tsaya ina jira ya fara maganar da ya saba, ya ce taɓa nan, ja can. Shiru. Mutumin da bai taɓa ɗori bakinsa a rufe ba ya kafe idonsa a ƙasa, zufa tana zuba a goshinsa.

Na ce, "Baba, in ja?" Ita ce kalmar farko da na taɓa gaya masa kai tsaye.

Ya ce, "Yau ban san komi ba. Ke ka gani."

Inna ta riƙe gwiwar hannun, na yi bisimilla na ja. Na ji bakin ƙashin ya zauna a ƙarƙashin yatsana. Na shafa man kaɗanya, na naɗe, na jera kara na ɗaure. Da na ɗago kai, Baffa ba ya wurin, ya bar kayansa a ƙasa ya fita.

Washegari kunya ta koma inda take. In na zo sake ɗauri, ya miƙo hannu ya juya fuska ga bango, ni ma in sunkuyar da kai, in akwai magana a bi ta kan Inna. Hannun ya warke, da shi ya koma cin tuwo, da shi yake jan carbi. Amma Baffa bai taɓa duban hannun ba. Yakan zo gaisuwa kullum, ya tsaya daga bakin ƙofa, in Baba ya miƙo hannun ya yi kamar yana gyara hula. 'Yan'uwan nan biyu da suka tashi a akushi ɗaya suka ƙare rani ba su yi musafaha ba.

Da zafi ya shigo, tari da zazzaɓi suka kwantar da Baba. Da Inna ta ga jikin ba na tashi ba ne, ta roƙe shi ya kira ƙanensa ya bar masa wasiyya a kaina. Ina bayan zana ina addu'a ya yarda.

Ya ce, "A'a. Ban ɗaure shi da maganar mutuwa. Da irinta anka ɗaure mu."

Na ji haushinsa a lokacin, Allah ya yafe mini. Na ga kamar ya kai ni tsakiyar gulbi ya sake ni.

Baffa ne ya yi masa wanka, maigidana yana zuba ruwa. Daga baya maigidana ya gaya mini cewa da aka zo hannun dama, Baffa ya tsaya. Ya riƙe shi ya daɗe, yana bin wurin da babban yatsa, ya koma ya sake bi, har liman ya yi gyaran murya daga waje. Aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, Baffa bai ce komai a kaina ba. A tsakanin nan wata mata ta kawo mini ɗanta da targaɗe, na ja su bayan madafi na gyara masa a ɓoye kamar mai sata, a gidan da aka saba yin wannan aiki ƙofa a buɗe. Ranar na ji mutuwar Baba fiye da ranar da aka fita da shi.

Bayan sadakar arba'in, da hantsi, na ji hayaniya a ƙofar gida. Wani ɗan dako ne daga can ƙetare, ya faɗo daga saman motar gyaɗa a bakin iyaka, ya karye a ƙwauri. Abokan aikinsa suka ɗauko shi a kan buhu, ba su ma ji labarin rasuwar ba. Na tsaya a tsakar gida da muciya a hannu. Namiji ne, baƙo, aikin zaure, babu ta inda ya shafe ni. Sai maigidana ya shigo ya ce Baffa yana kira.

Na yafa mayafi na fita. Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa tsayawa a zauren nan maza suna ciki ba. Majinyacin yana kwance a kan tabarma yana nishi, Baffa yana durƙushe a gefensa, an jera kara da ƙyalle. Babban cikin 'yan dakon ya dube ni, ya dubi Baffa.

"Tsoho, wurin maɗori munka zo. Mace za a ba shi?"

Baffa bai ɗago kai ba. Ya ce, "Hannun yayana ita tad ɗora shi. Ni na wanke shi, na taɓa wurin. Ko ina da ƙuruciyata ban hi haka." Sannan ya matsa daga inda maɗori ke zama, ya ja jiki zuwa inda mai riƙo ke durƙusawa, ya buɗe tafukansa masu rawa, ya dube ni.

"Ɗiyata, ina za ni riƙe?"

Idona ya cika har na daina ganin ƙafar. A zuciyata na ce, Allah ka jiƙan Baba, ka yafe masa rantsuwar da ya karya saboda bayinka, ka sa duk ƙafar da ta taka ƙasa ta dalilinsa ta zama shaida a gare shi. Sannan na share fuska, na durƙusa a wurin da ya bari.

Na ce, "Nan, Baffa, ƙasan gwiwa. Riƙe da kyau, zan ja."